Shari'ar da Aka Yi a Bakin Rafi: Tsari, Kari da Amsa-amo a Tatsuniyar Kyarkeci da Ɗan Tunkiya

Duk wanda ya daɗe yana sasanta mutane ya taɓa ganin irin wannan zama. An tara jama'a, an yi tambaya, an ba da amsa, kowa ya ga kamar ana neman gaskiya. Amma tun kafin a shimfiɗa tabarma an riga an yanke hukunci. Akwai wata gajeruwar waƙar Faransanci da ta zana irin wannan zama cikin ɗango 29 kacal, wato layi 29. Ita ce tatsuniyar kyarkeci da ɗan tunkiya, wadda Jean de La Fontaine ya wallafa a shekara ta 1668. 'Yan'uwanmu na Nijar da Cadi da Kamaru waɗanda suka yi makarantar Faransanci sun san wannan mawaƙi, gama da yawansu sun haddace tatsuniyoyinsa tun suna firamare.

Tatsuniyar da take faɗa wa masu iko gaskiya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun san misalin da Yotam ya bayar a kan Dutsen Gerizim, a Littafin Mahukunta sura 9, inda itatuwa suka fita neman sarki. Abin da bai cika samun kulawarmu ba shi ne yadda ake gina irin wannan labari. Mukan yi saurin tambaya, mene ne darasin? Da zarar mun samu, sai mu yar da sauran kamar ɓawo. A wannan nazari muna so mu nuna cewa a waƙar La Fontaine darasin da aka furta a fili yana ba kyarkeci gaskiya, hukuncin mawaƙin kuwa yana ɓoye cikin tsarin waƙar, da tsawon ɗangwayenta, da amsa-amonta. Wanda ya ɗauki darasin ya bar ginin, zai koyar da akasin abin da waƙar take nufi.

Mawaƙin da tushen labarin

An haifi La Fontaine a garin Château-Thierry na ƙasar Faransa a 1621, ya rasu a Faris a 1695. Yana saurayi ya shiga makarantar koyon aikin firist a 1641, amma bai daɗe ba ya fita. Daga baya ya karanta shari'a, ya kuma riƙe muƙamin mai kula da dazuzzuka da ruwaye a yankin garinsu, muƙamin da mahaifinsa ma ya riƙe. Rafi da daji da kotu duk ya san su da idonsa. Kundinsa na farko, na 1668, yana da littattafai shida da tatsuniyoyi 124. Ya sadaukar da shi ga ɗan Sarki Luwi na 14, magajin gadon sarauta, yaro ɗan shekara shida a lokacin. Tatsuniyar da muke dubawa ita ce ta goma a littafi na farko.

Ba shi ne ya ƙago labarin ba. Yana cikin tatsuniyoyin da ake dangantawa ga Isop na ƙasar Girka. A ƙarni na farko bayan haihuwar Almasihu, wani mawaƙin Roma mai suna Fedrus, bawan da Kaisar Augustas ya 'yanta, ya mayar da shi waƙa da Latin cikin ɗango 15, ya sa shi farkon tatsuniyoyinsa. Martin Luther ma ya fassara shi da Jamusanci a zube a 1530, lokacin da yake zaune a fādar Coburg.

Ga labarin a taƙaice. Ɗan tunkiya yana shan ruwa a rafi. Kyarkeci mayunwaci ya iso, ya tuhume shi da gurɓata masa ruwa. Ɗan tunkiya ya nuna cewa shi a ƙasa yake, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Kyarkeci ya kawo wata tuhuma, wai bara ya ɓata masa suna. Ɗan tunkiya ya nuna cewa bara ba a haife shi ba. Kyarkeci ya mayar da laifin kan ɗan'uwansa, alhali ba shi da ɗan'uwa. Sai ya mayar da shi kan danginsa duka, har da masu kiwonsu da karnukansu, ya ce haka aka gaya masa. Ya ɗauke shi ya kai cikin daji ya cinye.

Labarin ke nan, kowa zai iya ba da shi. Yanzu bari mu ga abin da mawaƙin ya yi da shi.

Tsari: an sa hukunci a gaban shari'a

Fedrus ya ajiye darasinsa a ɗangwaye biyu na ƙarshe, inda ya bayyana cewa ya rubuta labarin ne saboda masu zaluntar marasa laifi da hujjojin ƙarya. Luther ma a ƙarshe ya sa nasa. Wannan ita ce hanyar da muka saba da ita: labari tukuna, sa'an nan darasi.

La Fontaine ya juya abin. Ɗangonsa na farko shi ne darasin, kuma ba ya tsawata wa kowa. Yana ɗaukaka hujjar mai ƙarfi bisa kowace hujja, ba tare da togiya ba. Ɗango na biyu ya yi alkawarin kawo tabbaci nan take, kamar lauyan da ya miƙe a gaban alƙali. Mai karatu yana jiran ya ga hujja mai kyau. Abin da zai gani kuwa tuhume-tuhume huɗu ne, kowace ta fi ta gabanta rauni. Ashe kalmar da ta zama kamar yabo a ɗangon farko tana nufin hujjar da take cin nasara ce kawai, ko da ruɓaɓɓiya ce.

Mu lura da abin da wannan juyi ya haifar. Waƙar ta ɗauki siffar shari'ar da take ba da labarinta. Kamar yadda kyarkeci ya yanke hukunci kafin ya saurari kowa, haka waƙar ta sanar da sakamako kafin labari ya fara. Duk abin da ɗan tunkiya zai faɗa, muna jinsa ne da sanin cewa ba zai yi amfani ba.

Ga yadda aka raba ɗangwaye 29 ɗin. Biyu na darasi ne. Huɗu na gabatar da wuri da dabbobin. Ashirin na muhawara. Uku na ƙarshe na ɗauka da ci. Cin kansa bai cika ɗango ɗaya ba. A cikin huɗun nan na gabatarwa, mai ba da labari ya riga ya gaya mana abu biyu: ruwan garau yake, kuma yunwa ce ta kawo kyarkeci. Tun kafin a buɗe baki mun san tuhumar ƙarya ce, mun kuma san ainihin dalili. To, in yunwa ce, me ya sa aka ɓata ɗango ashirin ana magana? Wannan ita ce tambayar da tsarin yake sa mu yi. Kyarkecin nan cin nama kaɗai bai ishe shi ba, yana so a ce da gaskiyarsa ya ci. Hausawa sun ce mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki. Shi wannan ko kashin awakin bai samu ba, sai da ya ƙago.

Muhawarar kanta tana da tsari irin wanda muka sani a misalin Yotam, inda zaitun da ɓaure da kurangar inabi suka ƙi sarauta, na huɗu, wato itacen ƙaya, ya karɓa. Sau uku abu yana tafiya a hanya ɗaya, a na huɗu ya karye. A nan ma tuhuma uku sun sami amsa uku. Ta huɗu ba ta sami amsa ba, domin ba a bar wurin amsa ba.

Akwai wani ma'auni kuma da za mu iya ƙirgawa da yatsa. Amsar farko ta ɗan tunkiya ta ɗauki ɗango takwas. Ta biyu ta ɗauki biyu. Ta uku gaɓa huɗu ce kawai, ba ta kai rabin ɗango ba. Daga nan shiru. Jawabin kyarkeci na ƙarshe kuwa shi ne mafi tsawo cikin jawabansa. Babu inda mawaƙin ya ce an hana ɗan tunkiya magana. Ya dai riƙa rage masa wuri a kan takarda har ya ɓace.

Kari: tsawon ɗango yana magana

Kafin mu ci gaba, sai mu bambanta awon waƙar Faransanci da namu. Rubutacciyar waƙar Hausa ta gaji arulin Larabci. Tana auna nauyin gaɓa, mai nauyi da marar nauyi, kuma mawaƙi yakan riƙe kari ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshenta. In wani ɗango ya gaza 'yan'uwansa, mukan ce waƙar ta karye. Faransanci kuwa ƙirga gaɓoɓi yake yi. A zamanin La Fontaine ɗango mafi daraja shi ne mai gaɓa 12, wanda ake ɗan tsayawa a tsakiyarsa, shida da shida. Da shi ake rubuta manyan wasannin kwaikwayo na sarakuna da jarumawa, irin na Corneille da Racine. Mai gaɓa 8 ya fi sauƙi da sauri, ya fi kusa da hira.

La Fontaine bai riƙe kari ɗaya ba. A wannan waƙa akwai ɗango 9 masu gaɓa 12, da 4 masu gaɓa 10, da 13 masu gaɓa 8, da 2 masu gaɓa 7, da ɗaya tak mai gaɓa 4. Kunnen da ya saba da waƙar Hausa zai iya ɗauka rashin ƙwarewa ne. Amma in mun bi su ɗaya ɗaya, za mu ga kowane canji yana da aikinsa.

An gabatar da ɗan tunkiya cikin ɗangwaye biyu masu gaɓa 8, gajeru, masu gudana a hankali kamar ruwan da yake sha. Kyarkeci yana shigowa sai ɗango ya miƙe ya kai 12. Girmansa ya cika layin kafin ya ce uffan. Da ya buɗe baki, da ɗangon sarakuna ya yi magana: tuhumarsa ta farko 12, barazanarsa 12. A cikin barazanar ma, dole mai karatu ya ja kalmar horo ta zama gaɓa uku kafin awon ya cika, kamar mai iko yana tauna kalmar don ta ƙara firgitarwa. Ɓarawo ne mayunwaci, amma ya sa rigar alƙali.

Ɗan tunkiya ya fara amsarsa da mai gaɓa 12 shi ma, domin a wannan ɗango ne yake jera laƙabin sarauta, irin yadda talaka yakan fara da "ranka ya daɗe". Daga nan ya sauko zuwa 8, ya sauko har 4. Wannan ɗango mafi gajarta a waƙar, na goma sha huɗu, yana ambaton gudanar ruwan ne kawai, kuma a nan hujjarsa duka take. Ruwa daga sama yake gangarowa, shi kuwa fiye da taki ashirin yake a ƙasa. Mawaƙin ya ware wannan gaskiya ita kaɗai a layi, inda ido ba zai tsallake ta ba. Ƙari a kan haka, kalmomin wannan ɗango su ne ainihin kalmomin da mai ba da labari ya fara ɗango na huɗu da su. Wato ɗan tunkiya yana maimaita abin da mu ma muka gani da idonmu tun farko. Mun zama shaidu, ko muna so ko ba ma so.

Sa'an nan ya sake hawa 12 don ya kammala hujjarsa da kalmomin masu ilimin mahawara, irin su "saboda haka". Hujja ce cikakkiya, mai ladabi, ba ta da ɓaraka. Me kyarkeci ya amsa? Gaɓa huɗu. Ya maimaita tuhumarsa kawai, bai taɓa hujjar ba. Gaɓa huɗu sun share ɗango takwas. Tabarmar kunya, in ji Hausawa, da hauka akan naɗe ta.

A ɗango na 23 ne abin ya kai maƙura. Ɗango ne mai gaɓa 10, wanda bisa al'ada ake raba shi huɗu da shida. Huɗun farko na ɗan tunkiya ne, shidan na kyarkeci. Ya katse shi a tsakiyar layi, ya ƙwace sauran. Wannan ita ce maganar ɗan tunkiya ta ƙarshe a duniya, kuma ko ɗangonsa ba a bar shi ya ƙarasa ba.

Nan da nan sai ɗangwaye biyu masu gaɓa 7 suka biyo. Duk sauran ɗangwayen waƙar lissafinsu yana rabuwa biyu daidai: 12, 10, 8, 4. Waɗannan biyu kaɗai suke ɗingishi. A cikinsu ne kuwa kyarkeci ya bar "kai" ya koma "ku", ya tattara ɗan tunkiya da danginsa da masu kiwo da karnuka ya yi musu kuɗin goro. A daidai wurin da hujja ta rasa ƙafa, kari ma ya rasa ƙafa.

Ɗangwaye uku na ƙarshe sun koma 8, awon da aka gabatar da ɗan tunkiya da shi yana shan ruwa lafiya. Babu ɗaga murya, babu kuka. Wannan sanyin muryar ya fi kuka ciwo, gama yana nuna abin ya wuce kamar ba a yi kome ba.

Amsa-amo: kalmomin da aka haɗa aure

A waƙar Hausa, babban amsa-amo yakan bi waƙa tun daga baitin farko har na ƙarshe. Mawaƙi ya zaɓi gaɓa ɗaya, kamar "na" ko "ba" ko "ya", ya rufe kowane baiti da ita. Aikinsa shi ne ya ɗaure waƙar ta zama abu ɗaya, ya kuma taimaki mai hadda. A waƙar La Fontaine amsa-amo yana canjawa bayan ɗango biyu ko huɗu. Wani lokaci ɗango biyu na jere ne suke amsa wa juna. Wani lokaci na farko ya amsa wa na uku, na biyu ya amsa wa na huɗu. Wani lokaci kuma na farko da na huɗu su rungume biyun tsakiya. Tun da yake kowane amo kalma biyu ko uku kawai yake haɗawa, kunne yakan riƙe su tare, hankali kuma ya tambaya me ya haɗa su. A nan mawaƙin ya ɓoye mafi yawan hukuncinsa. Bari mu duba wurare shida.

Na farko: barazanar kyarkeci ta ƙare da kalmar da take nufin tsaurin ido. Ɗangon da ya amsa mata shi ne farkon maganar ɗan tunkiya, wanda ya ƙare da laƙabin mai martaba. An zarge shi da rashin kunya, ya amsa da matuƙar ladabi, a amo ɗaya. Kunne kuma yana jin wani abu: tsaurin idon na mai martaba ne.

Na biyu: ɗan tunkiya ba ya ce wa kyarkeci "kai". Yana ambatonsa ta hanyar laƙabinsa, kamar yadda bafade yakan ce "sarki ya ga dama" alhali sarkin yana gabansa. Ɗango na 15 ya ƙare da wakilin sunan wannan laƙabi. Amonsa bai sami amsa nan da nan ba. Sai da ɗango biyu suka wuce, sa'an nan amsar ta zo a na 18, daga bakin mai ba da labari, da kalmar da take nufin mugu marar tausayi. A Faransanci, kalmar girmamawar tana zaune ɗungum a ƙarshen kalmar muguntar. Duk ladabin da ɗan tunkiya ya zuba, a cikin mugunta ya faɗa.

Na uku: ɗan tunkiya ya kare kansa da cewa har yanzu nono yake sha, ɗangonsa ya ƙare da kalmar uwa. Kyarkeci ya cafke amon, ya amsa da kalmar ɗan'uwa. Daga bakin wanda ake tuhuma ya samo tuhuma ta gaba. Ambaton iyali da aka yi don neman tausayi shi ne ya buɗe ƙofar kama iyali.

Na huɗu: kalmar da take nufin "naku", wato danginku, an haɗa ta da kalmar karnuka. Kafin a halatta jinin mutane, akan fara haɗa sunansu da na dabba.

Na biyar: ɗaukar fansa an haɗa ta da ci. Kyarkeci ya ce fansa, mai ba da labari ya amsa masa da ci. Wannan ya mai da mu ɗango na biyar da na shida, inda aka ce yunwa ce ta kawo shi. Duk muhawarar da ke tsakani mayafi ne.

Na shida: kalmar ƙarshe ta waƙar ita ce shari'a, an kuwa haɗa ta da dazuzzuka. Kotun mai ƙarfi tana can cikin ƙurmi, inda babu mai gani. Mutumin da ya karanta shari'a ya kuma yi aikin daji ne ya haɗa waɗannan kalmomi biyu.

La Fontaine ya taɓa ganin babbar shari'a da aka murɗe. Ubangidansa Nicolas Fouquet, mai kula da baitulmalin Faransa, an kama shi a 1661 bisa umarnin sarki. Alƙalai suka yanke masa hukuncin kora daga ƙasa a 1664, sarki ya mai da shi ɗaurin rai da rai, ya mutu a kurkuku a 1680. Fouquet attajiri ne mai iko, ba ɗan tunkiya ba ne, kuma waƙar ta fi labarinsa faɗi. Amma yana da kyau mu tuna cewa ga ɗan wannan sarki aka miƙa littafin. Mawaƙin da yake zaune a ƙarƙashin irin wannan iko ba zai tsaya a fili ya yi tsawa ba. Ya sa abin da zai faranta wa mai ƙarfi a ɗangon farko, ya bar amo ya faɗi sauran.

Inda waƙar take da haɗari

Wannan gwaninta tana da farashi. A 1762 Jean-Jacques Rousseau, a littafinsa na tarbiyya mai suna Emile, ya yi gardama cewa bai kamata a sa yara su haddace tatsuniyoyin La Fontaine ba, domin yaro yakan so ya zama dabbar da ta ci nasara, ya ɗauki darasin a juye. Game da wannan waƙa, gardamarsa tana da nauyi. Ɗangon farko ya zama karin magana a Faransanci, ana faɗinsa shi kaɗai, ba tare da sauran 28 ba. In aka cire shi daga gininsa, ya zama taken masu fin ƙarfi. Fedrus bai bar wannan ƙofa a buɗe ba, gama ya kira zalunci da sunansa.

Duk da haka muna ganin waƙar La Fontaine ta fi ta Fedrus aiki a zuciya. Fedrus ya yanke mana hukunci, mun gyaɗa kai, mun wuce. La Fontaine ya zaunar da mu a bakin rafi, ya nuna mana ruwan garau ne, ya bar mu muna kallo, bai ce mana kome ba. Fushin da muke ji a ƙarshe namu ne, ba aro ba ne. Amma waƙa irin wannan tana bukatar mai karatu a hankali, ko malamin da zai bi ta da ɗalibai ɗango ɗango.

Haɗari na biyu ya fi kusa da mu. Duk wanda ya ji labarin nan yakan ɗauki kansa ɗan tunkiya, ya ɗauki abokin gabarsa kyarkeci. Amma mu duba ɗangwayen nan biyu masu ɗingishi. Abin da kyarkeci ya faɗa a cikinsu shi ne kaɗai abin da yake da ƙamshin gaskiya a duk maganarsa: masu kiwon tumaki a Faransa da karnukansu suna farautar kyarketai. Ƙorafinsa yana da tushe. Laifinsa shi ne ya ɗora shi a kan jaririn da ba a haifa ba lokacin da aka yi abin, ya kuma kafa shi a kan "an ce". Mutumin da aka taɓa cuta da gaske, shi ma yana iya hawa wannan tsani: daga kai zuwa ɗan'uwanka, daga ɗan'uwanka zuwa mutanenku. A garuruwanmu mun ga inda wannan tsani yake kaiwa, kuma babu jama'ar da ta fi ƙarfin hawansa. Wanda ya ba da wannan tatsuniya don ya nuna wata ƙabila ko wani addini da yatsa, shi ma ya ce "ku" a wurin da kyarkeci ya ce "ku".

Abin da za a iya kawowa cikin Hausa

Amsa-amon Faransanci ba zai ƙetare zuwa Hausa ba, haka ma ƙirgar gaɓoɓin. Amma mai ba da labarin da bakinsa yana iya riƙe abu huɗu. Ya faɗi yunwar kyarkeci da tsabtar ruwan tun farko, domin masu ji su zama shaidu. Ya bar amsar farko ta ɗan tunkiya ta yi tsawo, cike da "ranka ya daɗe", ta biyu ta gajarta ba laƙabi, ta uku a katse ta a tsakiya. Ya sa a ji lokacin da "kai" ya zama "ku". Ya kuma faɗi ƙarshen da murya a kwance, ya yi shiru kaɗan kafin ya ƙara wata magana. In ya gaggauta zuwa darasi, ya ƙwace wa masu ji aikin da labarin ya ba su.

Ma'aunin da muka yi amfani da shi a kan waƙar yana aiki a wajen takarda ma. Yawancinmu za mu zauna a kujerar sasanci: rikicin gona, rikicin gado, ƙarar gwauruwa a kan dangin mijinta, ƙarar ƙaramin ma'aikaci a gaban kwamiti. A irin wannan zama ba kullum ake gane murɗiya daga abin da aka faɗa ba, gama kowa yana iya yin magana mai daɗin ji. Akan gane ta daga yadda aka raba lokaci, da wanda ake katsewa, da tuhumar da take canja fuska duk lokacin da aka amsa ta. In mun ga amsar mai ƙaramin ƙarfi tana gajarta, daga takwas zuwa biyu, daga biyu zuwa rabin magana, sai mu tsayar da zaman mu ce a bar shi ya ƙarasa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Fedrus ya sa darasinsa a ƙarshe, La Fontaine ya sa nasa a farko. Wanne ya fi dacewa da yara, wanne kuma da manya? Ku ba da dalili.
2. Ku sake karanta misalin Yotam. Wane bambanci kuka gani tsakanin amsar itatuwa uku na farko da ta na huɗu, wajen tsawo da wajen abin da ta ƙunsa?
3. Ku zaɓi tatsuniyar Hausa ɗaya ta kura ko ta gizo. Ku ƙirga sau nawa kowace dabba ta yi magana, da wanda ya yi maganar ƙarshe. Me wannan ya nuna?
4. A zaman sasanci, waɗanne matakai shugaba zai ɗauka in ya ga tuhuma tana tashi daga kan mutum ɗaya tana komawa kan danginsa?